Firjin Matar Tsoho

Tuƙi aka kawo ni Doha in yi, amma rabin shekarun da na yi a gidan kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, a dakon tsofaffin kaya suka ƙare. Mutumin yana da wata lalura da ban taɓa ganin irinta ba. In ya ji labarin wani tsohon rediyo ko tsohuwar fanka a gidan wani, to ba shi ba kwanciyar hankali sai abin nan ya kwana a hannunsa. A bayan gidansa ya gina wani zungureren ɗaki da ya fi masallacin unguwarmu ta Zariya girma, ya jera su a ciki: risho, keken ɗinki, garmaho, akwatin talabijin mai ƙafafu, firji manya da ƙanana. Na'urar sanyaya ɗakin ba ta hutawa, wai kada zafi ya taɓa fentinsu. Duk ranar Alhamis ni ke goge su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara shiga na tarar da dutsen guga na gawayi, irin wanda mahaifiyata ta daɗe da jefarwa bayan ɗaki, an ɗora shi bisa jan ƙyalle an haska masa fitila kamar ango. Da ƙyar na haɗiye dariya.

Da farko abin bai dame ni ba, har ma yakan burge ni. A shekarun nan ana ta rushe tsofaffin gidaje a tsakiyar gari. Yau ka wuce gida da ƙofarsa da bishiyarsa, wani makon ka tarar da fili da katafila. Maigida yakan riga katafilar isa, ya ciro ƙofar katako, ya ciro tagogi, ya kwashe abin da magada suka bari a sito. Abubuwa da yawa da ke ɗakin nan da ba don shi ba da tuni sun zama bola, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Abin da na zo na ƙi jini shi ne yadda yake raba rayayyu da abin da suke so.

Larabawan nan, musamman tsofaffinsu, suna da wata al'ada. In baƙo ya shigo gidanka ya yaba wani abu, ya sake yabawa, to mutuncinka ne ka ce masa, "Naka ne." Shi kuma baƙon kirki ya san nasa: ya dafa ƙirji ya rantse ba zai karɓa ba, mai masauki ya matsa, shi ya ƙi, a yi dariya a ƙara gahawa, abu ya zauna inda yake, kowa ya tashi da girmansa. Maigidana ya haddace rabin farko na al'adar nan tsaf, rabi na biyu kuwa sai ka ce ranar da aka koyar ba ya gari. Sai ya shirya zuwa dubiya ko ta'aziyya, ya zauna ya sha gahawa, ya tuna wa tsoho zumuncin da ke tsakaninsa da marigayi mahaifinsa, sannan idonsa ya faɗa kan abin da ya kawo shi. Duk ranar da za mu gaisuwa ya ce in bar ƙaramar mota in ɗauko a-kori-kura, in sa bargo da igiya a baya, na san wani gida zai kwana da giɓi.

Ni a unguwar Mansura nake kwana, a wani ɗakin haya da muke cunkushe a ciki da wasu 'yan Arewa da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai tura baro a kasuwar Souq Waqif. Shi ne babbanmu, ya riga mu duka zuwa ƙasar, Kawu muke ce masa. A layinmu, tsakanin dogayen benaye, gida ɗaya ne ya ƙi tashi. Gajere ne mai kaurin katanga, ƙofarsa ta katako an yi mata ado da kawunan ƙusa, ga kurna ta leƙo ta sama tana zubar da 'ya'ya a titi. Wani tsohon Balarabe ne a ciki, daga shi sai mai dafa masa abinci. 'Ya'yansa sun koma sababbin unguwannin bayan gari, sun yi sun yi ya bi su, ya ce sai dai su zo su ɗauki gawarsa.

A jikin katangar, kusa da ƙofa, an fafe wani lungu an yi masa 'yar rumfa. A nan wani tsohon firji yake tsaye, mai zagayayyun kafaɗu da mariƙi irin na ƙofar tsohuwar mota, farin fentinsa ya koma ruwan ƙwai saboda rana. An huda ƙofarsa an sa kan famfo na tagulla, an rataya kofin silba da sarƙa. Masu hali a ƙasar nan sukan kafa na'urar ruwan sanyi a ƙofar gida don masu wucewa, ladan ya riƙa isa ga wani mamacinsu, amma duk yawon da na yi a garin ban ga mai irin wannan ba. Kawu ne ya ba ni labarinsa. Shi ne firjin farko da tsohon ya saya wa matarsa lokacin da wutar lantarki ta iso layin. Da shi take yin ƙanƙara ta aika wa maƙwabta da azumi. Da ta rasu 'ya'yan suka ce a jefar a kawo sabo, shi kuwa ya nemo mai gyara ya sa tanki a ciki, ya fito da shi bakin titi da sunan sadaka gare ta.

Babu wanda ke layin nan da bai sha ruwansa ba: masu shara, magina, masu kai abinci a babur, mu direbobi. Da la'asar tsohon yakan sa a fito masa da kujera ya zauna gefensa da tasbaha a hannu. In ka sha sai ya ce, "Da sanyi?" Ka ce, "Da sanyi, Baba." Ya ce, "To yi mata addu'a." Kullum hirar ke nan, ba ƙari ba ragi. Har waɗanda ba Musulmi ba sukan ɗan tsaya da kofin a hannu su motsa baki da yarensu. Jefi-jefi yakan ɗora tafin hannu a jikin firjin kamar mai duba zazzaɓi, in ya ji injin yana motsi sai ya janye. Sunan matar ban taɓa ji ba, don ba a tambayar Balarabe sunan matarsa ko da ta rasu. Firjin matar tsoho muke cewa, kowa ya gane.

Ni randar ƙofar zauren kakata yake tuna mini, da moɗar da ke kife a kan faifai. Bazarar farko da na yi a ƙasar nan, ban san kowa ba, zafi kamar ya kashe ni, ruwan nan da tambayar tsohon nan su ne abin da ya fi kama da gida. Har na saba, ba na iya wuce wurin ban tsaya ba ko da ba na jin ƙishirwa.

Sabon da na yi da firjin ne ya kai idon maigida wurin. Wata rana da azahar muna dawowa daga Al Mirqab aka rufe babban titi ana gyara, sai na yanke ta layinmu. Yana baya yana waya. Na ce masa zan cika gorata, ya yi mini alama da hannu, na fita. Ina juyowa na ga ya sauke gilashi ya ajiye wayar, cikin zafin da ko numfashi ɗaya ba ya yarda ya shaƙa. Ba ni yake kallo ba. Na san kallon nan, na sha ganinsa a gidajen makoki.

Ba a daɗe ba ya ce in ɗauko a-kori-kura, za mu gaida wani abokin mahaifinsa a Mansura. A hanya na yi abin da ban saba ba, na buɗe baki.

"Maigida, in ce wani abu?"

"Faɗi."

"Firjin nan ba kayan ɗaki ba ne, sadaka ce. Na matarsa ne da ta rasu. Ya sa shi a waje ne don lada ya riƙa isa gare ta."

"Na sani, na bincika," ya ce. "Ka ga yadda rana ta ci fentinsa? Shekara nawa kake jin zai ƙara a wurin nan? Ceto shi zan yi. Zan kawo musu sabo wanda ya fi shi sanyi. Khalas, zance ya ƙare, kalli hanya."

Na kalli hanya, don bayan khalas direba ba shi da sauran magana.

A ƙa'ida cikin mota nake jira. Ranar nan tsohon ya hango ni daga ƙofa ya ce, "Ai wannan ɗana ne, ɗan layinmu. Shigo." Ya sa na zauna a bakin ƙofar majalisi, ɗakin da yake karɓar baƙi. Ranar ce farkon shigata gidan. Rufin azara ne da tabarma, bangon ya riƙe sanyi da kansa, wata tsohuwar fanka tana juyawa a hankali. Na ga idon maigida yana bin azara da ƙofofi da tagogi kamar mahauci a kara. Aka kawo gahawa da dabino, aka gaisa, aka tuna mamata. Larabcina na titi ne, amma ya ishe ni in bi abin da ake faɗa.

"Masha Allah, Baffa," maigida ya ce, "firjin nan na waje, ban taɓa ganin mai kyansa ba."

"Tsoho ne kamar mai shi," in ji tsohon, ya tura masa farantin dabino.

Aka koma hirar yadda unguwar take a da, da waɗanda suka tashi, da waɗanda suka rasu. Can maigida ya sake kewayowa. "Wallahi tun ranar da na gan shi yake raina. Irinsa mahaifiyata take da shi."

Tsohon ya ce, "Na uwar 'ya'yana ne, Allah ya jiƙanta. Masu wucewa ke sha."

Duk mai kunya a nan zai tsaya. An faɗa maka na mamaciya ne, an faɗa maka masu wucewa ke sha, me kuma kake jira a ce? Maigida ya jero mata addu'a doguwa, ya kurɓi gahawa, ya ce, "Ai shi ya ƙara masa daraja. Abu irin wannan bai kamata a bar wa rana ba. Masha Allah, masha Allah."

Tsohon ya dubi tasbaharsa, ya ɗago ya dube ni a bakin ƙofa, ya mayar da kai. Har yau ina jin da ba na ɗakin da wataƙila ya iya hanawa. Amma ga baƙo ɗan abokinsa, ga ni ɗan layi ina kallo, shi kuwa mutum ne da ya tsufa ba a taɓa cewa baƙo ya yaba abu a gidansa ya fita hannu banza ba.

"Naka ne," ya ce.

Na kasa kunne ina jiran rantsuwar ƙi. Maigida ya dafa ƙirji, har na ce a raina yau Allah ya taɓa zuciyarsa. Sai ya ce, "Ka karrama ni, Baffa. Allah ya ƙara girma."

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji tsohon. "Kada a kashe shi. Duk inda ka kai shi, a bar mutane su sha."

"In sha Allah."

Akwai in sha Allah ta alkawari, akwai ta sallamar mai roƙo. Na daɗe ina tuƙa mutumin nan, na san wadda ya yi.

A take muka cire shi, da rana tsaka, don maigida ba ya barin kyauta ta kwana, kada mai ita ya sake tunani. Sai da muka buɗe famfon ruwan ciki ya tsiyaye a titi kafin ya ɗauku. Wasu magina da suka zo da gorunansu suka tsaya suna kallon ruwan yana bin kwalta. Injin ya yi shiru, sai a lokacin na gane duk shekarun nan gurnaninsa na cikin ƙarar layinmu. Tsohon bai fito ba. Ni na naɗe firjin da bargo, ni na ɗaure igiyar.

Da yamma na tarar da Kawu a ƙofar ɗaki yana wanke ƙafa. Labari ya riga ni isowa. Bai amsa sallamata da kyau ba.

"Kai ka kawo shi layin nan?"

"Kawu, ni direba ne."

"Ai na gani," ya ce, ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Ya daɗe bai sake zuba mini shayi ba.

Sabuwar na'urar ta zo, a nan kam maigida ya cika alkawari. Ta ƙarfe ce mai walƙiya, da famfo a jere, ruwanta har haƙori yake kamawa. Da kansa ya zo wajen kafawa, aka fito da tsohon aka zaunar da shi a kujerarsa. Da aka gama sai maigida ya ciro wani ɗan allon tagulla daga aljihu ya miƙa wa ma'aikacin ya ɗaura a gaba. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Baffa, na yi niyyar wannan sadaka ce ga mahaifina, abokinka. Ga sunansa nan, don masu sha su yi masa addu'a."

Na ji kamar in nutse. Katangar tsoho, wutar tsoho, ruwan tsoho, lungun da ya fafe wa matarsa da hannunsa. Tsohon ya daɗe yana kallon allon. Me zai ce? Ya hana a yi wa abokinsa sadaka? Ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka." Aka shafa fatiha, ya sa aka mayar da shi ciki. Daga ranar ba a sake fito da kujerar ba. Mutane suka ci gaba da sha, masu iya karatu su karanta sunan su yi addu'a, baƙin da suka zo daga baya ma ba su san an taɓa yin wani firji a wurin ba.

Saura roƙonsa guda, a bar mutane su sha. Na ɗauki abin a wuyana ba tare da kowa ya ɗora mini ba. Na samu maigida ranar da yake cikin fara'a na ce ko za a kafa firjin a ƙofar gidansa, a yi masa rumfa mai kyau, ni zan riƙa kula da shi. Ya yi dariya ya ce, "Wa ka taɓa gani yana tafiya a ƙasa a unguwar nan?" Gaskiyarsa, unguwar daga dogayen katangu sai motoci. Na ce to ko a bayan gida wajen masu aikin lambu. Ya ce in je in wanke mota.

Sai ga mai gyara ya zo, wanda ke yi masa aikin irin kayan nan. Umarnin da aka ba shi guda ne, ya mayar da firjin yadda ya fito daga masana'anta. Ya ciro tankin, ya kwance kan famfon, ya toshe hudar, ya kankare, ya shafa fenti fari ƙal. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Aka kai shi ɗakin nan aka ba shi wuri a tsakiya, aka buɗe ƙofarsa kaɗan, aka sa masa 'yar fitila a ciki. Wayar wutarsa aka naɗe aka ɗaure a baya, don maigida ya ce tayar da injin zai rage masa kwana. Da na je zubar da kwalin shara na ga kan famfon a ciki tare da tsumma da gwangwanin fenti. Kofin ban gan shi ba. Na ɗauki kan famfon na sa a aljihu, ban san me zan yi da shi ba.

Na daina bi ta ƙofar gidan tsohon. Mai dafa masa abinci ya tare ni a shago ya ce Baba na tambayata, na ce aiki ne ya yi yawa. Na san tambayar da ke jirana, ba ni da amsar da zan iya kai masa.

Abin da ya tura ni wurin tsohon a ƙarshe da Sallah ya faru. Maigida ya tara baƙi, bayan an ci an sha ya kai su ɗakin kayansa kamar yadda ya saba, ni ina biye da butar gahawa. Da aka iso gaban firjin ya tsaya ya yi musu jawabi a kan karamcin iyaye da kakanni, yadda a da ba a rufe wa mai ƙishirwa ƙofa, yadda mutanen yanzu suka manta. Har muryarsa ta yi rawa. Cikin baƙin akwai wani dattijo ɗan'uwan mahaifiyarsa, mai fararen gira. Ya zagaya firjin ya ce masha Allah, bai taɓa ganin mai kyansa ba. Ya shafa mariƙin ya ce wallahi ya shiga ransa. Ya ja da baya ya sake yabawa, yana kallon maigida ido cikin ido. Ban sani ba ko da gangan ya yi, amma na tsaya da buta a hannu ina jira. Maigida ya yi dariya ya ce, "Ai na sha wahala kafin in same shi." Ya dube ni ya ce, "Zuba wa kawuna gahawa." Ya ja su gaba zuwa wajen garmaho.

Na zuba gahawar cike da baƙin ciki. Ashe ya san inda ake tsayawa, a gidansa ne kawai ba a ba da abin da aka yaba.

Washegari bayan la'asar na ƙwanƙwasa ƙofar mai kawunan ƙusa. Na tarar da tsohon a tsakar gida ƙarƙashin kurna, an jingina shi da matasai. Ya rame ƙwarai. Ga kwalaye an ɗaure a gefe, 'ya'yan sun yi nasara, za su ɗauke shi kafin wata ya ƙare. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, ka yi wuyar gani," ya ce. Bai tsaya jin uzurina ba. "Ana sha?"

Na sa hannu a aljihu na ciro kan famfon na ɗora a tafinsa. Ya kusanto da shi fuskarsa, ya shafa da yatsa inda hannayen mutane suka goge tagullar har ta yi santsi. Ya murɗa ya buɗe, ya murɗa ya rufe.

"Ba nawa ba ne," ya ce can. "Na riga na ba Allah shi da sunanta. Baƙo ya yaba, na ji kunyar baƙo, ita ban ji kunyarta ba. Ni na katse mata da bakina."

Na ce, "Baba, Allah ya san niyyarka. Ladan da aka rubuta mata ba ya gogewa."

"Haka malamai ke faɗa," ya ce. Hawaye ya biyo gefen hancinsa bai share ba. Na taɓa ganin tsoho yana kuka a wajen jana'iza, amma wannan ya fi ci mini rai, don babu wanda ya mutu ranar. Sai ya tambaye ni, "A ƙasarku ana ƙishirwa?"

"Ƙwarai, Baba."

Ya kama hannuna ya mayar mini da kan famfon, ya naɗe yatsuna a kai. "Kai shi can."

Ba mu sake ganawa ba. Aka ɗauke shi, kafin sanyi ya shigo labarin rasuwarsa ya iso layinmu. Maigida ya je ta'aziyya, da a-kori-kura muka je. Ƙofar mai kawunan ƙusa yanzu tana ɗakin nan jingine da bango, ba ta buɗewa zuwa ko'ina, ni na ɗauko ta. Na'urar mai sunan mahaifinsa ma maigida ya sa an ciro ta kafin katafila ta zo, an kai ta wani wuri. Kurnar aka sare. Inda gidan yake motoci ake ajiyewa.

Da na je gida hutu na sayi shuɗiyar ganga ta roba, na huda ta na ɗaura kan famfon, na kafa ta a ƙofar zaurenmu a Zariya. Kawu ne ya ba ni kofin da na rataya, ranar da zan taho ya sa mini shi a jaka. Mahaifiyata ke sa a cika gangar kowace safiya. Ta tambaye ni sunan mai sadakar don a riƙa ambatonta, na ce ban sani ba. Ta ce ba komai, wanda ake roƙo ya san ta. In na kira gida nakan tambaye ta ko ana sha, ta ce ana sha har ana layi in makaranta ta tashi. Sau ɗaya na ce mata, "Da sanyi?" Ta ce, "Wane irin sanyi a gangar roba? Sai dai a sha haka nan."

Ni kuwa na dawo bakin aikina. Ranar Alhamis na ɗauki tsumma na shiga ɗakin nan. Firjin matar tsoho yana tsakiya, fari ƙal, jikinsa sanyi ƙalau daga waje saboda na'urar ɗakin, ciki babu ko ɗigo. In ka bi ƙofarsa da yatsa a hankali za ka ji wani ɗan tudu ƙarƙashin fenti, daidai inda famfon yake. Kullum hannuna sai ya tsaya a wurin. Maigida ya taɓa kama ni ina haka, ya ce in daina danna wurin nan, zan ɓata masa fenti.